Soket Mai Baki Biyu a Layin Teku

A layin da ke fuskantar teku, a sansanin Si Lahcen da ke kudu da Agadir, ba a taɓa rubuta doka ba, kuma ba a taɓa bukatar hakan ba. Motocin gida shida ne ke shan wuta daga turken lantarki guda, turken kuwa ya tsufa tun kafin in fara zuwa cin hunturu a nan. Saboda haka marigayi Dédé, wanda ya riga kowa kafa mota a wurin, ya bar mana tsari: mai son kunna abu mai jan wuta ya rataya jan tawul a madubin motarsa, saura su dakata, kuma abu ɗaya ake kunnawa, ba biyu ba. Wanda ya kashe wa layi wuta ya koma layin baya, gefen ramin da ake juye ruwan ƙazanta, gurbinsa kuma ya zama na mai bi masa a daɗewa. Da Dédé ya rasu, ni Fernand aka bar wa riƙon tsarin, domin shugaban tashar jirgin ƙasa nake kafin in yi ritaya, na kuwa san abin da ke faruwa idan jirage biyu suka hau layi ɗaya.

Sau ɗaya na taɓa zartar da hukuncin, a kan Gilbert, tsohon mahauci daga Limoges, wanda ya haɗa hita da butar shayi. Ya yi roƙo, na ce tsari tsari ne. Sai da wani ya daina zuwa sannan ya samu ya dawo layin, yau ga shi maƙwabcina, kuma bai manta ba.

Bana sai Cédric, mijin 'yarmu, ya sauko a jirgin sama don ya yi mana mako guda. Ran Asabar na dawo daga kasuwar Tiznit na iske shi durƙushe a kicin ɗina da sukundireba a baki, bangon da ke bayan murhu a buɗe, wayoyi a waje. Tsohon soket ɗina mai baki ɗaya ba ya nan. A gurbinsa ga wani fari fat mai baki biyu.

"Wa ya ba ka izinin taɓa motata?" na ce.

"Haba Papi, ka dai gode mini. Wancan abin ya girme ni. Ina taɓa shi ya farfashe. Na sa maka waya mai kauri, na canja fiyus ɗin ma, wancan ƙarami ne, da an ɗan ja wuta sai ya mutu."

"Domin ya mutu aka sa shi! Ya mutu a cikin motata, kada turken layi ya mutu. Ka zaci ba mu san ana sayar da manyan fiyus ba sai da ka iso?"

"Mutum shida a turke ɗaya, kuna ta ɗaga wa juna tawul kamar masu tsokanar bijimi da jan ƙyalle," ya ce yana dariya. "Mami ce ta ce tana so. Na sayo mata murhun lantarki ma."

Matata Odile, wadda yake kira Mami, tana zaune a gaba tana gyaran wake, ba ta ɗago kai ba. Na umarce shi ya mayar da komai yadda yake. Ya ce tsohon yana kwandon shara a guntu-guntu, shagon kayan wuta kuma sai Litinin. Na ɗauko baƙin salatif na toshe baki ɗaya da hannuna, na faɗa da murya yadda kowa zai ji cewa kada wanda ya ɓare shi.

Ran Lahadi da hantsi ina filin jifan ƙwallon ƙarfe, ƙwallo a hannuna, muka ji ƙara kamar fashewar taya. Hayaƙi na tashi daga turken. A madubin motata jan tawul yana kaɗawa, daidai yadda tsari ya tanada. Na shiga na tarar da salatif ɗin a manne a gefen tebur, murhu a baki ɗaya, buta a ɗayan. Cikin turken ya ƙone ƙurmus. Wuta ba ta dawo ba sai Talata, lokacin kuwa Cédric ya hau jirginsa, firiji shida sun yi ɗumi, naman agwagwar da Gilbert ya taho da shi tun daga Limoges ya yi wari.

Da yammacin Talatar muka taru ƙarƙashin rumfar Gilbert kamar yadda aka saba. Ban zauna ba.

"Ka zauna mana, ranka ya daɗe shugaban tasha," in ji Gilbert. "Ko jirgin ne bai iso ba? Na ji an ce biyu ne suka yi karo a kicin ɗinka."

Aka yi dariya. Na bar su suka gama.

"Ka tuna abin da ka ce mini a wancan karon?" ya ci gaba. "Tsari tsari ne, Gilbert. Har da ɗaga yatsa. Na yi ta shaƙar ramin nan har matata ta ce rigunana sun koyi warin." Ya cika kofinsa, ya dube ni. "To, ni ba kai ba ne, tsoho. Ka cire wannan soket, ka mayar da mai baki ɗaya, ka sayo mana kwalbar giya, magana ta mutu. Kowa ya yarda?"

Kowa ya gyaɗa kai, kuma wannan ya fi dariyar ƙona mini rai. Gurbin nan ni na share duwatsunsa, ni na shuka na'ana'ar da ke gefensa, daga nan ta tagar mota nake ganin kwale-kwalen masunta kafin kowa. Ga shi ana miƙo mini shi a matsayin sadaka, daga hannun mutumin da na kora.

Kafin in buɗe baki Odile ta ajiye kofinta.

"Soket ba ya zuwa ko'ina," ta ce.

"Odile, ba a nan ba."

"A nan ɗin. Dubi." Ta miƙo hannayenta a kan tebur, yatsun nan da sanyin ƙashi ya lanƙwasa. "Ba na iya danna makunnin gas in murɗa shi lokaci guda. Makon jiya hannun rigata ya kama wuta, kana can kana auna tazarar ƙwallo. Wa kake tsammani ya kira Cédric? Ni na ɓare salatif ɗinka. Ina son in dafa miya in dafa ruwa ba sai na jira tawul ɗin kowa ba. Na gaji, Fernand."

Na yi fushi da Cédric da ya taɓa abin da bai fahimta ba. Na yi fushi da ita da ta gaya wa suruki abin da ba ta gaya wa miji ba. Amma layin baya sababbin turaku gare shi, kowace mota da nata, kuma wannan kowa ya sani.

"Babu kwalba," na ce. "Dédé bai bar mana hukuncin kwalba ba. Motar da ta kashe wuta ta koma baya. Gobe da safe zan tashi. Gilbert, kai ne mai bi mini a daɗewa, gurbin naka ne."

"Kai, ba na so! Wasa nake yi, jaki kawai."

"Ba a tambayi son ranka ba, kamar yadda ba a tambaye shi a wancan karon ba."

Da safe na naɗe rumfa, na zare waya, na tayar da mota. Gilbert ne ya tsaya a baya yana yi mini ishara da hannu, yana zagina a kan kowace kwana: "Hagu, tsohon banza, hagu! Da haka ka riƙa tuƙa jiragen?" Na gaya masa shugaban tasha ba ya tuƙi, kuma ya riƙa ba na'ana'ar ruwa da safe, ba da rana ba.

Yanzu tagata bangon makewayi take kallo, idan iska ta juyo daga ramin sai mu rufe ta. Odile ta sa murhu a baki ɗaya, buta a ɗayan, tana waƙa ƙasa-ƙasa. Cédric ya bugo waya yana tambaya ko soket ɗin yana aiki. Na ce mata ta gaya masa yana aiki, kuma ba na nan.