Ɗigon da Bai Motsa Ba

Sau uku Tela yana murɗa makullin, motar ba ta ko yi tari ba. Fitilun gaban sitiyari sun kama, amma injin ya yi gum. Ya fito ya ɗaga bonet, ya tsaya da hannu a ƙugu yana kallon wayoyi, shi da bai san komai a mota ba in ban da wurin zuba ruwa.

Motar ta maƙwabcinsa ce, direban haya da duk layin ke kira Sannu-Sannu, don ba a taɓa ganin ya wuce wani a hanya ba. Shekara ashirin yana jan motocin mutane, sai bara ya karɓi wannan 'yar farar tasi daga wani kamfani, yana biya wata-wata. Bai rufe shekara da ita ba ciwon hanta ya kayar da shi. Mako uku ke nan da asibiti suka sallamo shi, irin sallamar da kowa ya gane ma'anarta. Tun ranar ya danƙa wa Tela makulli, ya ce kullum ƙarfe bakwai a tayar da ita kada batir ya mutu. Gadonsa na jikin tagar da ke kallon titi. Yakan kwanta yana saurare, in ta ishe shi ya ƙwanƙwasa ƙarfen taga da cokali, Tela ya kashe. Matarsa ta ce duk tsawon yini, a wannan minti goman ne kaɗai ba ya nishi.

Tela na nan tsaye sai ga wani dogon mutum a kan babur, idonsa a kan waya. Ya wuce gidan, ya dawo, ya tsaya.

"Malam, nan ne gidan direban? Daga kamfani nake. Wata uku ba a biya ba. Ina kuka kai motar?"

"Wace motar?"

"Kada mu ɓata wa juna lokaci." Ya juyo da wayar. Taswira ce, da jan ɗigo a tsakiya. "Akwai na'urar bin sawu a jikinta. Kwana ashirin da uku ɗigon nan bai motsa ba, amma kullum da safe sai ya nuna an kunna. Mun san wannan wayon. A ciro na'urar a ajiye a ɗaki, a riƙa jona mata batir, mota kuwa tana can wani gari tana lodi. Shi ya sa jiya ofis suka kulle injin."

Tela ya dube shi, ya dubi motar da yake jingine da ita. "To ɗan samari, wannan da na dafa, akuya ce?"

Mutumin ya duba lamba, ya sake dubawa. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ga na'urarsu daram inda suka ɗaura ta. Da ya miƙe, muryarsa ta sauka. Tela ya ja shi nesa da taga ya faɗa masa komai, har da ƙaryar da ya yi wa abokinsa, cewa kamfani sun ɗaga masa ƙafa sai ya warke.

"Ba motar nake roƙo ba," in ji Tela. "Taku ce. Kwana kaɗan ya rage masa. Ku bar masa ƙararta kawai."

"Baba, ni ma ana ganina a taswirar nan. In na koma hannu rabbana, a bakin aikina."

Ya kira ofis ya ce ya samu motar, a buɗe masa injin zai taho da ita. Ya zura jiki da ƙafa ɗaya a waje ya murɗa makulli. Ta tashi nan take, ya ba ta wuta sau biyu. Tela ya ji zuciyarsa ta karye, haushin kansa ya kama shi, da bai lulluɓe motar ya ce bai san komai ba.

Sai wata siririyar murya ta fito ta taga.

"Wane ne yake taka mini totur haka da sanyin safiya? Wannan ba ƙafar Tela ba ce. Tela tsoronta yake ji."

Matar ta ɗaga labule ta ce maigidan yana son ganin baƙon.

Ɗakin na warin magani da man zafi. Kwalabe a jere kan kujera, kofin shayi da bai sha ba ya yi fata a sama. Sannu-Sannu ya rame har zobensa ya koma babban yatsa. Ya ƙare wa baƙon kallo, daga takalmi zuwa katin da ke rataye a wuyansa.

"Zauna, ɗana. Kun zo ke nan."

"Mun zo, Baba. Ya jiki?"

"Jiki ya gama nasa." Ya juya ido wajen Tela. "Kai kuma, mutumin da ke cewa gobe a zo a karɓi ɗinki shekara talatin, har ni za ka yi wa? Ka taɓa jin kamfani ya jira mara lafiya?"

Tela ya sunkuyar da kai.

"Saurara, ɗana," in ji direban. "Ba a ba ta wuta sai ta yi ɗumi. Giya ta biyu tana da gardama, ka taka kuloci sau biyu, kada ka yi mata dole. Ƙofar baya ta hagu daga waje take buɗewa. Duk wanda za ku ba, a faɗa masa." Ya huta, numfashinsa na fita da ƙyar. "Ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Je ka da ita."

Mutumin kamfanin ya ce to. Ya fita, Tela na biye da shi. A waje ya daɗe yana kallon wayarsa. Sannan ya tambayi Tela ko yana da ashana. Ya tsuguna gaban tayar baya, ya danna tsinken a bakin bawul, iska ta fara fita da shiii. Ya yi wa ta gaba haka. Da motar ta karkace ya ɗauki hoto ya aika, ya kira ofis.

"Taya biyu a ƙasa, ba mai faci kusa. Motar janwe fa? Sai Alhamis? To a bar injin a buɗe, mai janwe zai buƙata." Ya kashe wayar ya miƙa wa Tela makulli ba tare da ya dube shi ba. "Alhamis, Baba. Bayan nan ba ni da wata dabara."

Ranar Litinin ce. Talata Tela ya tayar da ita, aka ƙwanƙwasa taga, har da saƙo ta bakin matar wai ƙafarsa ta fara wayewa. Laraba ya tayar, ya zauna da hannuwa a cinya yana jira. Minti goma ta wuce. Masu kai yara makaranta suka wuce. Bai ji cokali ba, shi kuma ya kasa kai hannu ga makullin. Ya ci gaba da zama, injin na bugawa a hankali, har ya ga matar ta fito bakin ƙofa ba ko takalmi.

"Kashe, Tela," ta ce. "Ya ji. Yana ji ya tafi."

Ya kashe. Ya kifa goshi a kan sitiyari ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa.

Ranar Alhamis mutumin kamfanin ya zo a ƙasa, ba janwe, da famfon iska a kafaɗa. Ya ga mutane zaune a ƙofar gida, ya gane. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce Allah ya jiƙansa, sannan ya koma gefe ya hura tayoyin, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Tela ya kawo makulli.

"Kada mu tayar a nan," in ji mutumin. "Matarsa tana ciki."

Suka tura ta su biyu, wasu daga cikin masu zaman suka taso suka sa hannu, har kwanar layi. A nan ya shiga. Marigayin gajere ne, kujerar na matse da sitiyari yadda ya bar ta. Mutumin ya kai hannu ƙasa zai ja ta baya, sai ya tsaya, ya janye hannun. Ya naɗe dogayen ƙafafunsa, ya tayar, ya jira ta yi ɗumi.

Tela ya tsaya a bakin kwata yana kallonta tana tafiya a gefen titi, mai ita na yanzu a takure, gwiwoyinsa na gogar sitiyari, wani mai keke ya zo ya wuce su.