Mai Gyaran Waya a Bakin Tasha

Mudassir ya dawo Wudil ranar wata Laraba da hantsi, riƙe da leda ɗaya da ƙaramin akwatin kayan gyaran waya. Babu wanda ya tarye shi a tasha, domin babu wanda ya san ranar fitowarsa. Shekara biyu da wata takwas ya yi a gidan yari a Kano saboda ƙwacen waya, kuma yana can mahaifiyarsa ta rasu.

Ƙanen mahaifinsa, Kawu Ɗantani, ya same shi a zaure. Bai ce masa ya zauna ba. Ya shiga ciki ya fito da makulli.

"Ɗakin uwarka ne, ba zan hana ka ba," in ji Kawu. "Amma kada in ga baƙuwar fuska a gidan nan."

"In sha Allahu ba za a gani ba, Kawu."

Ɗakin yana nan yadda ta bar shi, sai ƙura da gidan zanzaro a jikin taga. A ƙarƙashin katifa ya tarar da takardar sakamakonsa na sakandare, ta naɗe ta a leda. Ya daɗe yana kallonta. Shi ne na biyu a ajinsu a shekarar da suka gama. Ya so ya karanci injiniyan lantarki a jami'ar da ke nan garinsu, wadda kullum yake wucewa ta ƙofarta, amma a shekarar mahaifinsa ya kwanta ciwo, aka sayar da gonarsu ta ƙauyen Achika, maganar karatu ta mutu.

Daga nan ya tafi Kano. Ya samu aiki a wani kamfanin takalman roba, ya yi shekara biyu yana tsaye gaban inji, har ranar da suka zo da safe suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Ya zaga da takardarsa har ta fara yagewa a wurin ninki. Su bakwai suke kwana a shago ɗaya, duk babu mai aikin yi, sai Yahuza da yake karɓar adaidaita sahun wani da yamma. Ran nan Yahuza ya ce masa ya zo ya raka shi, ba abin da zai yi, ya zauna a baya kawai ya zama kamar fasinja. Karo na farko ya zauna kawai. Karo na huɗu shi ya miƙa hannu ya fizgi waya.

A gidan yari wani malami da ke zuwa koyar da sana'a ya lura da hannunsa, ya koya masa gyaran waya, kuma shi ya ba shi akwatin ranar da zai fita.

Sati ɗaya da dawowarsa ya kafa tebur da laima a bakin tasha, kusa da Maikano mai faci. Ya jera sukudireba da dalma da burushi, ya rubuta GYARAN WAYA a jikin kwali. Sai ya zauna.

Mutane suna wucewa. Waɗanda suka yi makaranta tare sukan ɗaga masa hannu daga tsallaken titi, wasu kuma da sun hango shi sai hannunsu ya tafi aljihu. Ranar Juma'a garin ya cika da motocin shanu da fatake, kowa da wayarsa a kunne, amma ko ɗaya bai tsaya ba. A masallaci ana ba shi hannu, sai dai da an shafa kowa ya kama gabansa. Yakan sayi ɗanwake ya ci shi kaɗai a bayan tebur. Don kada hannunsa ya manta, yakan kwance tsohuwar wayar mahaifiyarsa ya sake ɗaurawa, sau biyu, sau uku a yini.

A sati na biyar wata ɗalibar jami'a ta tsaya. Sunanta Khaulat, 'yar Gombe ce, ba ta san kowa a garin ba.

"Malam, sannu da aiki. Wayata ce ta faɗa ruwa, ta ƙi kawowa. Duk aikin da na yi na kammala karatu yana ciki."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya buɗe, ya duba, ya ce ta dawo bayan la'asar. Ta juya za ta tafi ke nan Maikano ya ɗago daga tayar da yake dannawa a ruwa.

"'Yan mata, kin san wa kika ba wa waya kuwa? To, tambayi mutanen gari. Kura kika ba ajiyar nama."

Khaulat ta tsaya. Ta dubi Maikano, ta dubi Mudassir. Shi kuwa ya miƙo mata wayar a tafin hannunsa, murfin a gefe. Mai adaidaitan da ya kawo ta yana ta yi mata hon. Sai ta ce, "Bayan la'asar ka ce ko?" Ta shiga ta tafi.

Bai tashi cin abinci ba ranar. Ya wanke cikin wayar, ya busar, ya gano inda ruwa ya ci, ya ɗora dalma. Da hasken ya kawo, sai ya ga hoton wani saurayi a fuskar wayar, yana dariya, da rigar ƙwallo. Ya kifa ta a kan tebur, ya rufe da hankici.

Ta dawo ƙarfe biyar saura. Ta kunna, ta duba aikinta, ta sauke numfashi. Ta biya shi. Amma ba ta tafi ba.

"Gaskiya ne abin da mutumin can ya faɗa?"

"Gaskiya ne, Malama."

"Kana riƙe wuƙa?"

"Ni ban taɓa riƙewa ba. Amma wanda nake tare da shi yana riƙewa, kuma na sani."

Ta juyo masa da fuskar wayar. "Wannan yayana ne, Jamil. Ya zo Kano ɗaurin auren abokinsa shekara uku da suka wuce. A kan waya aka soke shi, wayar da gilashinta ma a fashe yake. Kafin a kai shi asibiti ya cika." Muryarta ba ta tashi ba. "Na daɗe ina so in ga ɗayanku ido da ido, in tambaye shi me ya sa."

Mudassir ya buɗe baki. Yana da amsoshi, ya sha jera su a ransa yana kwance a gidan yari: kamfanin da aka rufe, takardar da ba ta yi masa rana ba, yinin da sukan yi ba su ci ba. Duk gaskiya ne. Amma da ya dubi saurayin da ke dariya, sai ya ji ko ɗaya ba zai iya fitowa ba.

"Mu bakwai ne a shagon da nake kwana," ya ce a hankali. "Yunwa ɗaya muke ji. Huɗu ba su taɓa yi ba. Ba ni da abin da zan ce miki, sai Allah ya ji ƙansa."

"Amin," in ji ta. Ta sa wayar a jaka, ta tsallaka titi ba ta waiwayo ba.

Maikano, wanda ya ji komai, ya ci gaba da buga tayarsa. Mudassir ya zauna har aka kira magariba bai taɓa komai a teburin ba.

Bayan kwana tara wata ɗaliba ta zo da waya mai matsalar wurin caji. Ta ce sunanta Barakatu, ɗakinsu ɗaya da Khaulat.

"Tana lafiya?" ya tambaya.

"Lafiya lau. Ta ce in gaya maka ita ba za ta iya sake zuwa nan ba. Amma ta ce aikinka yana da kyau."

Ya gyaɗa kai. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara ɗaga laimar. Ya ja teburin zuwa ƙarƙashin rumfar wani shago da ke rufe, ya ba Barakatu kujerarsa, shi kuma ya tsuguna ya fara kwance wayar.