Hancin Saveta

"Ɗanɗana min, kada ki bari su gani," in ji Saveta ƙasa-ƙasa, ta tura wa maƙwabciyarta Rodica cokali ta bayan tukunya.

Rodica ta kurɓa. Miyar lami, ko tsamin kirki babu. Matan birnin da suka zo koyon girkin ƙauye kuwa sun kewaye teburin, wayoyi a sama, suna jiran hukunci. Rodica ta ja kunnenta na hagu, alamar da suka shirya tun a mota. Sai Saveta ta kai cokali baki, ta lumshe ido.

"Wa ya zuba ruwan tsamin nan? Tsoronsa kike ji, 'yar nan? Ƙaro! Miyar da ba ta tsuke miki baki ba ai ruwan wanke-wanke ce."

Aka kwashe da dariya har da tafi.

Mura ce ta kama Saveta a hanyar garin Suceava, da wani mara tausayi ya buɗe tagar bas. Duk kaka haka Saveta ke zagaya garuruwa, da safe ta koyar da saƙar ɗamara, da rana girki, Rodica na riƙe mata jaka. Bana ta sha shayin albasa har ta gode Allah. Tari ya lafa, zazzaɓi ya sauka, amma hanci da harshe suka yi tafiyarsu. Matar da ke jiyo ƙaurin tuwon masara daga ƙarshen layi, yanzu ko tafarnuwa aka kai mata hanci sai dai ta kalle ta.

Abin ya ba Rodica haushi, ya kuma ba ta tausayi. Tun suna amare shinge ɗaya ya raba su, Saveta ba ta taɓa yabon girkinta ba ko da wasa. Yau ga shi da harshenta ake cin tafi.

"Kin ga ranata ko?" Rodica ta ce mata a hanyar dawowa.

"Ranar me? Aro na yi. Da nawa ya dawo zan mayar miki da kayanki, ko a kyauta ba na so."

Sun dawo gida lafiya, asiri a rufe. Kashegari Rodica ta shiga kai mata madara, warin gas ya tare ta tun daga ƙofa. Saveta na zaune kusa da murhu tana tsinkar wake, har da 'yar waƙarta. Rodica ta kashe gas ɗin, ta bubbuɗe tagogi. Da yamma ta kira Costel, ɗan Saveta da ke birnin Cluj, ta faɗa masa komai.

Costel bai tsaya dogon zance ba. Ya ce tsohuwar da ba ta jin gas ba ta jin hayaƙi ba za ta ƙara zama ita kaɗai a gidan katako ba. Ranar Lahadi zai zo ya kwashe ta.

"Munafuka!" Saveta ta ɗaga murya ta kan shinge. "Ki gaya masa ya zo da gatari, don sai ya sare ni daga gidan nan. Ni zan je in maƙale a saman bene ina kallon motoci?"

"Yaya Saveta, da kin tashi da mu duka fa."

"To da an huta da girkinki!"

Daga nan ta daina gaishe ta. Rodica takan hango ta a lambu tana murza ganye a tafin hannu, ta shaƙa, ta yar, ta tsinko wani. Tana tafiya tana dafa shinge, numfashinta sama-sama, amma ko sanda ta ƙi ɗauka.

Ranar Asabar da hantsi Rodica ta ɗora albasa a wuta, ta zauna, tunani ya ɗebe ta.

"Rodica! Ke Rodica! Albasarki ta ƙone! Har tsufa mace ba ta iya soya albasa ba?"

Rodica ta fito a guje, ko tukunyar ba ta sauke ba. Ga Saveta riƙe da shinge, hanci a sama, hawaye na bin kumatunta, tana dariya tana tari.

"Kin ji? Da gaske kin ji?"

"Har maƙogwaro! Ƙazamin ƙauri, amma ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba. Kira ɗan nan ki ce ya adana man motarsa. Ina nan daram."

Rodica ta kira. Costel ya ce zai zo ya gani da idonsa.

Da la'asar ta zuba miya a kwano ta zagaya, ta shirya shan zagi. Ta tarar da Saveta a kan benci a ƙofar ɗakinta, kai jingine da bango, baki ɗan buɗe. Ta kira ta, ta sake kira. Sai ta ajiye kwanon a ƙasa, ta zauna gefenta, ta kama hannun da bai gama hucewa ba. Ta daɗe a haka kafin ta iya kiran mutane.

Costel ya iso Lahadi da safe, mota cike da kwalaye na kwasar kaya. Ya tarar da uwarsa kwance a tsakiyar ɗakinta, kyandir na ci a wajen kanta. Wani ya sauke kwalayen ya jingina su da shinge don a sami wurin ɗauko limamin coci a motar. Har yamma suna nan babu komai a ciki, kajin Saveta na hawa suna sauka.