Askin Bahago

Mai Aski ya gama gefen dama ke nan, Bahago ya riƙe masa hannu.

"Bar ɗan gashi a nan inda kuncin ya faɗa. Kada ta ga ramin."

"Kai za ka koya mini aski? Jingina, malam."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, kuma tun da ciwo ya kwantar da Bahago, Mai Aski kan ja ƙofar shago ya shigo da jakarsa. Amma askin yau daban ne. Da yamma motar 'yan wasa za ta tashi zuwa babbar gasar tanis, ita kuwa Auta, 'yar Bahago, wadda ke cikin 'yan wasan, ta rantse ba inda za ta je ta bar ubanta a haka. Shi ya sa ya aika a kira maƙwabcinsa, a gyara shi har yarinyar ta yarda ya samu sauƙi.

Tun suna samari Mai Aski ya san shi. A lokacin, in Bahago ya shiga fili, sai ka ce ƙwallon tana jin maganarsa. Wasu tun asuba suke zubar da gumi, shi kuwa sai ya taso daga barci da raket ɗin aro, wato abin buga ƙwallon, ya lallasa su yana dariya. Amma duk sanda babbar gasa ta matso, sai wani abu ya taso: yau gwiwa, gobe takalmi, jibi goggonsa ba lafiya. A ƙarshe ya koma ɗaure wa mutane igiyar raket, mutanen da a da ko ƙwallo ba su isa su tsinto masa ba.

Fanka na juyawa a hankali, labule na shiga yana fita. Bahago ya lumshe ido, ya ce kwanan nan filin yake gani a barci, ya yi faɗi ba iyaka, ragar na can nesa kamar bakin kogi, 'yan kallo duk sun yi shiru suna jiransa.

"Ka san gwiwar nan lafiyarta ƙalau?"

"Duk unguwa ta sani."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya ce Auta ba ta da rabin hannunsa, amma ba ta taɓa fashin horo ba. "Ba na so in zama gwiwarta," in ji shi.

Mai Aski ya goge kumfar, ya shafa masa mai, ya taje gemun. Shi da matar gidan suka tallafe shi zuwa kujera, suka sa masa farar riga, suka cusa matashi a bayansa inda ba za a gani ba.

Auta ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa. Uban ya hau yi mata tsiya, wai har yanzu bugunta na baya kamar mai korar kaji. Ba ta yi dariya ba. Ta dubi hannayensa da suka rame a kan cinya, sannan ta juyo.

"Kawu, tsakaninka da Allah, ya samu sauƙi?"

Mai Aski ya ji idon Bahago a kansa. Ya naɗe askarsa, ya sa a jaka.

"Bai samu ba, 'yata. Amma dubi wahalar da yake sha a kujerar nan don ki tafi."

Ta matso kusa da uban. Daga nan ta durƙusa, ta kifa goshinta a gwiwarsa, ya dafa kanta. Da ta miƙe, ɗakinta ta nufa. Suka ji tana jan jaka a tsakar gida, suka ji ƙofar waje.

"Munafuki," in ji Bahago, yana murmushi.

Ya ƙi a mayar da shi gado. Rana ta sauko ta taga, ta kwanta masa a ƙirji. Mai Aski na zaune gefensa, yana jin numfashin na ƙara nisa da juna. Can sai Bahago ya ɗaga hannun dama a hankali, ya buɗe yatsu kamar ya saki wani abu sama, irin yadda yake cilla ƙwallo in zai fara wasa. Idanunsa suka bi shi har rufin ɗaki, suka tsaya a can, suna jiran ya sauko.