Akuyar Mataki na Huɗu

Manaja ya ba Mai Zane zuwa ranar Alhamis. In ba a sami yaro ko ɗaya da ya haye kogin da ke mataki na huɗu ba, za a cire matakin daga wasan wayar da ofishinsu ke haɗa wa yara, wata huɗun da ta yi tana zana shi su bi ruwa.

Yara tara sun gwada a wayar ofis, kowa akuyar da yake tsallakawa da ita ta nutse. Manyan ofishin kuwa, masu gemu da digiri, ido rufe suke hayewa, don haka suka yanke hukunci cewa yaran yanzu ba su da haƙuri. Binciken bai ɗauke su minti biyar ba.

Mai Zane ta rage faɗin kogin. Ta rage wa kadan da ke cikinsa gudu. Ta zuba duwatsu har kogin ya koma kwata. Akuya dai sai ruwa.

Ranar Laraba ta ɗauko 'yar ƙaninta daga makaranta, 'yar shekara shida da ake kira 'Yar Firit. Dokar gwaji ɗaya ce: wanda ya tsara wasa ba ya magana, ba ya nuni. Sai Mai Zane ta miƙa mata wayar, ta zauna a kan hannuwanta.

"Gwaggo, akuyarki ba ta jin magana."

Mai Zane ta ci gaba da kallon akuyar.

"Ko ke ma ba kya ji?"

A faɗuwa ta bakwai Mai Zane ta bar kallon akuya ta kalli hannun yarinyar. Kafin a yi tsalle sai an danne maɓallin gudu da babban yatsa, a miƙa manuni ya taɓo na tsalle can sama. Na yarinyar bai kai ba. Sai ta saki gudu ta kai hannu sama, akuya ta yi tsalle daga tsaye.

"Kawo hannunki."

Ta aza shi a tafinta. Yatsun ba su kai rabin nata ba.

Manaja ya leƙo. "Malama, ki ƙara sauƙaƙa shi kawai."

"Mayar da shi zan yi yadda yake, ranka ya daɗe."

Ta sauko da maɓallin tsalle kusa da na gudu, ta kwashe duwatsun, ta mayar wa kada ƙarfinsa. 'Yar Firit ta faɗa sau huɗu, harshe a waje. A na biyar akuya ta dira a tudu.

"Sa'a ce," in ji Manaja.

"A kira mini yaran nan tara gobe da safe," Mai Zane ta ce. "Kai ma ka zo, ka zauna a kan hannuwanka."