Ƙarfen da Kawu Yahaya Ya Ɗinke

Mutanen Filinge ba sa yar da abu. Bokiti ya huje a liƙe shi, takalmi ya tsinke a ɗaure shi, amalanke kuwa sai ta ga jikokin jakin da ya fara janta. Magagi a cikinsu aka haife shi, ya san halinsu sarai, saboda haka ba shi da wanda zai zarga sai kansa da ya bar wani ƙarfen jirgin sama cikin jaka a gidan kawunsa.

Shekarar nan damina ta yi albarka a ƙasar Kurfai. Gero ya fid da kai, har an fara gasa tumu a bakin gonaki. Sai ga jan-baki, ƙananan tsuntsayen nan da ke zuwa dubu bisa dubu, sun sauka cikin ƙayoyin bakin tabki. Kullum da safe su watsu a gonaki, ba sa tashi sai sun bar zangarniya fayau. Maza da mata suka yi ta kaɗa gwangwani suna ihu har murya ta dushe, tsuntsu ko a jikinsa. Da abin ya fi ƙarfin gwangwani, aka turo ƙaramin jirgin feshi daga Yamai da mutum biyu: Ibrah matuƙi, da Magagi makanike, wanda jirgin ba ya barin ƙasa sai ya sa hannu a takarda cewa lafiyarsa lau.

Ranar Laraba suka sauka a filin jar ƙasa da ke bayan gari. Rabin Filinge ya fito kallo, a gaba kuwa Kawu Yahaya ne, ƙanen mahaifiyar Magagi, maƙeri kuma mai walda, wanda ya riƙe shi tun rasuwar ubansa. A maƙerarsa Magagi ya fara riƙe guduma kafin boko ta ɗauke shi. Tsohon ya zagaya jirgin sau biyu yana ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, duk wanda ya haɗu da shi sai ya gaya masa, “Wanga da ka gani, ɗana ka kula da shi. Ni na koya mai ƙarhe.” Gonarsa ce ta fi kowace kusa da tabkin, ita tsuntsu ke fara karya kumallo da ita.

Washegari, ana shirin zuba magani a tankin jirgi, saƙo ya shigo salular Magagi daga ofishinsu. Kamfanin da ya ƙera jirgin ya ba da umarni ga duk mai irinsa a duniya: kada a sake tashi sai an duba ƙarfen da ke riƙe fiffike da gangar jirgi. A wata ƙasa mai nisa irinsa ya tsage, fiffike ya rabu da jirgi a sama, matuƙin bai koma gida ba. In an ga tsaga, a cire a sa sabo. Ba gyara, ba walda.

Magagi ya tokare fikafikan da ganguna da katako, ya kwance ƙarafan biyu. Kowanne bai fi tafin hannu ba. Ya wanke su, ya shafa musu jan ruwan gwaji, ya goge, ya fesa farar hoda a kai, ya zauna jira. Na dama ya tsaya fari tas. Na hagu kuwa, a gefen ramin ƙusa, wani jan layi ya fito siriri kamar gashi. Ya san sabo sai an aiko daga waje, kuma ko an yi sauri ba zai iso ba sai bayan kwana shida.

Ibrah ya leƙa, sannan ya cire hularsa ya goge goshi. “Jiya da wannan na zo,” ya ce.

Labari ya riga Magagi isa gida. Da ya shiga, Haske matar kawunsa ta ajiye masa fura ba tare da barkwancin da ta saba ba. Kawu Yahaya ya nemi ganin abin da ya hana jirgi tashi. Magagi ya fito da shi, ya nuna masa layin. Tsohon ya kai shi kusa da ido, ya juya shi, ya yi ’yar dariya.

“Wanga ɗan abu? Don wanga za a bar tsuntsu shi canye garinmu?”

“Doka ta, Kawu. Sai sabo.”

“To,” in ji tsohon. Duk wanda ya san Kawu Yahaya ya san wannan “to” ba yarda ba ce. Magagi ma ya sani, amma gajiya da tashin hankali suka sa ya mayar da ƙarfen jaka ya rataye a ɗaki. Ranar Juma’a da safe ya koma fili don ya duba sauran jirgin, ya bar jakar a nan.

Bayan an sauko daga masallaci, yana ƙarƙashin fiffike, sai ya hango jama’a tafe, sun fi mutum arba’in, manoma da ’yan kasuwa, har da makiyayan da ke da ’yan gonaki wajen Bankuku. Kawu Yahaya na gaba da babbar rigarsa ta Juma’a, yana riƙe da wani abu a ƙunshe cikin farin ƙyalle. Ya tsaya gaban Magagi ya kwance.

Gaskiya aikin ya yi kyau. Tsohon ya buɗe tsagar, ya cika ta, ya goge ya sake gogewa har ƙarfen yana ƙyalli, ba mai iya nuna inda wuta ta taɓa. Tun fitar Magagi yake kansa, ya ƙi karɓar aikin kowa. A rayuwarsa bai taɓa yin ɗinki irin wannan ba, kuma fuskarsa ta nuna ya san haka.

“Sa jan ruwanka ka gani,” ya ce.

Magagi ya sa, don ba shi da yadda zai yi. A ransa yana roƙon Allah layi ya fito, ko ɗan ƙanƙane, ya raba shi da magana. Hoda ta bushe fari tas. Jama’a suka yi ta hamdala, wani ya dafa kafaɗar tsohon, wani har ya fara tambayar ko yau da yamma za a tashi.

Ibrah ya matso kusa da Magagi ya yi ƙasa da murya. “Na ga gonakin nan daga sama, na san abin da ke cikin ran mutanen nan. Ni ƙarfe ban san shi ba, kai ka sani. In ka sa hannu, zan tashi.”

Wannan magana ta fi komai yi wa Magagi nauyi. Ya dubi kawunsa, mutumin da ya sayar da akuyarsa ya yi masa guzurin zuwa Yamai. Ya dubi jama’a. Ya tuna matar Ibrah da ta kawo musu abinci filin jirgi ranar da za su taho. Tsoro ya kama shi, da kunya, irin kunyar da yaro ke ji in zai musa wa babba a gaban mutane.

“Kawu, mu ɗan koma gehe.”

“Hwaɗi nan. Ba ni da abin ɓoyo.”

Magagi ya durƙusa, kamar yadda yake yi in zai gaishe shi. “Kawu, kai ka koya mani. Gatarin da ka ba ruwa ya yi ƙarhi, in ya koma wuta, shina nan yadda shike?”

Magagi ya nuna ƙarfen ya ci gaba.

“Wanga ƙarhe, can inda anka ƙera shi anka ba shi nashi ruwa, da awo. Wutar walda ta taɓa shi. Ɗinkinka ba ya da aibi, amma abin da ke gehenshi ba mu san yadda ya koma ba, jan ruwa kuma ba ya gwada wannan. In hauya ta karye, mai ita shina tahowa da ƙahwa tai shi kawo maka. Wanga mutum, in ya karye mai, shina can bisa.” Ya nuna Ibrah. “Ba ni sa hannu, Kawu. Ka gahwarce ni.”

Ana jin kukan tsuntsu daga wajen tabki. Wani daga baya ya ce boko ta ɓata yaro. Wani ya ce ai shi albashi gare shi, ba gero yake jira ba. Kawu Yahaya bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi sauƙi. Ya sunkuya ya ɗauki ƙarfen, ya naɗe shi a ƙyallensa.

“Shekara arba’in ina ɗinkin ƙarhe garin ga,” ya ce, “ba wanda ya taɓa maido mani aiki gaban jama’a sai ɗan da na goya.” Ya juya ya tafi, jama’a suka bi shi.

Ƙa’ida ta ce ƙarfen da aka soke a lalata shi, don kada wata rana wani ya tsince shi ya mayar jikin jirgi. Magagi ya san haka, ya kuma san ƙarfen da ke ƙyalli kamar sabo shi ya fi haɗari. Amma kunya ta hana shi cewa a ba shi.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗi. Magagi ya kwashe tabarmarsa ya koma rumfar da ke filin jirgi. Da safe yakan je gonar kawunsa ya tsaya can ƙarshe da gwangwani yana kaɗawa tare da kowa, ba mai ce masa sannu. Tsuntsu ya tashi nan ya sauka can. Ranar Lahadi ya shiga kasuwa sayen goro, mai goron ya yi kamar bai ji sallamarsa ba. Haske ce kaɗai ke zuwa da kwanon tuwo, ta ajiye, ta ce, “Ci. Hushin nashi ba ya hana ni dahuwa.” Ranar Talata ta kawo masa tumu biyu gasassu, ta ce su ke nan abin da ta iya tsamowa daga gonar.

Sabon ƙarfe ya iso ranar Laraba cikin motar ofis, a ɗan kwali da takardunsa. Magagi ya ɗaura, ya auna kowace ƙusa, ya sa hannu. Da la’asar sakaliya Ibrah ya tashi, ya bi ta kan ƙayoyin tabki. Kwana uku suna aiki, har wajen Sanam. Gonakin da suka yi shuka a makare sun tsira, na nesa da ruwa ma sun sami rabi. Na bakin tabki kuwa kara kawai ya rage.

Ranar da za su koma Yamai, Magagi ya je yin sallama, ko za a amsa ko ba za a amsa ba. Ya ratsa ta bayan gidan, ya ga rumbun kawunsa da aka yi wa sabon jinka tun kafin tsuntsu ya zo, ƙofarsa a buɗe, ba komai ciki sai kaza ta shiga tana tona. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

Ya sami tsohon a maƙera yana gyara bakin lauje. Ya yi sallama ya durƙusa. Kawu Yahaya ya amsa bai ɗago ba, ya ci gaba da aikinsa har ya gama. Sannan ya miƙa hannu bayan uwar maƙera ya jawo farin ƙyallen nan, wanda yanzu ya yi baƙi da gawayi, ya jefa gaban Magagi.

Ƙarfen ya rabu gida biyu.

“Na so in gwada ma kaina kai ab ba ka da gaskiya,” in ji tsohon. “Na ɗora shi bisa maƙera, na sa guduma. Duba da kyau. Ɗinkina bai buɗe ba.”

Magagi ya duba. Ɗinkin na nan daram. Karayar ta bi ta gefensa, nisan faɗin ƙwayar gero.

“Bai buɗe ba, Kawu.”

“Bugu na huɗu ya tahi. Ƙarhe irin wanga, da hannun tsoho, bai kamata shi tahi ba ko na kwana bugu.” Ya ɗauki laujen ya sake ajiyewa. “Yaron ga mai tuƙi, ɗiya nawa gare shi?”

“Ukku. Ƙaramar ba ta yi tahiya ba tukuna.”

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. Ya dubi wajen rumbun, ya kawar da ido.

“Kwashe abinka ka kai ma mutanen ohishinku, su ga an karya shi,” ya ce. “Ka biya wurin Haske kahin ka tahi, ta dama maka hura. Da geron bara ta, ka sha da hanƙuri.”