Gangar Baba Andarawus

"Kashe ta," in ji Baba Andarawus daga kan gado. "Wagga ba gangata ba ce. Kwanon sha kaka buga min."

Jalaluddeen ya danne maɓalli, ɗakin ya yi tsit. Zufa na ɗiga daga haɓarsa kan na'urar. Ita na'urar wani ɗan akwati ne mai maɓallai, da shi yake haɗa kiɗan biki a shagonsa na bakin tashar kwalekwale a Wara: ka zuba mata sauti, ka danna, ta maido maka. Bara, tun maƙwabcinsa Baba Andarawus na da ƙarfi, ya lallaɓa shi ya buga masa babbar gangarsa ta gayya, ya ɗauka ya adana. Ganga ce da ta sha tashin manoma a gonakin Ngaski tun ba a haifi Jalaluddeen ba. Yanzu fatarta ta tsage, ɓarin jikin mai ita ya shanye, asibiti kuma sun ce a mai da shi gida. Abu guda ya aiko ɗiyarsa Zipora ta roƙa masa: yana son ya ƙara jin gangarsa kafin ya tafi.

To ai ga ta nan a akwati, amma tsoho ya kafe ba ita ba ce!

"Ba ta da nauyi, ɗana. Ƙara mata."

Ya murɗa maɓallin nauyin sauti. Nan take 'yar wutar da ke goshin na'urar ta tashi daga kore ta koma ja, bugun ya fashe a sifika kamar ana yaga buhun siminti.

"Ka ji ko? Ka tsaga min ita karo na biyu."

Wayyo Allah! Jalaluddeen ya ji kamar ya jefa akwatin a tafki. Ba wai bai san aikinsa ba ne. Na'ura tana da iyaka, nauyin sauti kuma wuri yake ci. In ka cusa shi da ƙarfi sai kan bugun ya daki iyakar ya baje. Maganin ma ya sani. Ya rage ƙarfin bugun gaba ɗaya, ya yanke gurnanin can ƙasa da kunne ba ya kamawa, sannan ya ƙara nauyin kaɗan-kaɗan yana barin sarari. Wuta ta tsaya kore. Ganga ta fito tas, da kauri, yadda ko a rediyo aka sa ta ba za ka ji kunya ba.

"Ta yi nisa," tsohon ya ce. "Kamar daga tsallaken ruwa aka buga ta."

Haka aka yi ta yi tun farkon mako. A rage, ta yi nisa. A ƙara, ta tsage. Kullum kuma muryar da ke ƙorafin ƙara dushewa take yi, abin da ke cin ran Jalaluddeen ke nan. Ya ture kujera ya fita tsakar gida, inda Zipora ke kankare kifin karfasa a bakin randa.

"Wallahi na gaji, Zipora. Ko dai kunnen Baba ne ya tafi? Babu abin da ban yi ba."

"Kunnensa garau," ta ce, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Jiya ina gulmar tuwon da ya ƙi ci, daga nan ya jiyo ni. Ka yi haƙuri da shi dai. Mutumin da gangar nan ta yi wa tabo a ciki, kullum na zo goge masa jiki sai na gan shi, baƙi ƙirin. Ta zauna masa ga jiki fiye da Inna ma."

Jalaluddeen ya tsaya da baki buɗe. Kai, wane irin sakarai ne shi? Duk mutanen ƙasar nan daga nesa suka san gangar, ban da mai ita. Shi kuwa a rataye take a kafaɗarsa, manne da cikinsa. Bai taɓa jin ta daga kan teburi ba.

Ya koma ɗaki. Bai taɓa maɓalli ko ɗaya ba, ya bar wutar a korenta. Ya cire ƙaramar sifikar, ya naɗe gindinta da zane, ya ɗora ta a hankali ƙasan haƙarƙarin tsohon, daidai kan baƙin tabon. Ya danna.

Zanen rufa ya ɗan girgiza. Baba Andarawus ya lumshe ido. Hannunsa mai lafiya, wanda Zipora ta shafe da man kaɗanya, ya lallaɓo ya hau gefen sifikar, yatsun suka fara bugawa.

"Yauwa," ya ce. "Ta zo gida."

"In ƙara, Baba?"

"Kada ka taɓa. Amma sauri kaka yi. Manomi ba gudu yakai ba."

Jalaluddeen ya yi dariya, hawaye na shigar masa baki. Ya rage hannu, ya bi yatsun tsohon, suka yi ta tafiya tare har aka kira azahar.

Washegari da hantsi yana shago ya ga mata na shiga gidan, Zipora na kuka a zaure. Ya rufe ƙofa ya bi sahu.

Bayan an dawo daga jana'iza, Zipora ta miƙo masa kayansa ta kan katanga. Ya ajiye sifikar a teburi, ya zaro tsumma zai goge ƙura. A gefen katakonta akwai shaidar yatsu na man kaɗanya, sun yi duhu wuri guda. Ya daɗe yana kallo, sannan ya mai da tsumman aljihu.